Na'urar Da Ke Riƙe Linzamin Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban keken surfani na zamani, irin wanda ke yi wa riga aikin wuya shi kaɗai, lalle ya yi mamakin yadda allura ke sauka daidai inda ake so. Asirin abin kuwa yana cikin wata 'yar na'ura ce mai suna na'urar sarrafa motsi, wadda sau da yawa ba ta fi tafin hannu ba. Aikinta shi ne ta karɓi umurni daga kwamfuta, ta gaya wa injin lantarki inda zai juya, da saurinsa, da wurin tsayawarsa.

Injunan da take bi da su iri biyu ne. Na farko shi ne mai taku, wanda yawanci yakan raba kewaye ɗaya zuwa taku 200, watau digiri 1.8 kowane taku. Bugun lantarki ɗaya, taku ɗaya. Yana da araha, amma in aiki ya fi ƙarfinsa yakan tsallake taku ba tare da na'urar ta sani ba, sai zane ya karkace. Na biyu shi ne mai kai rahoto. Wannan yana da ma'auni a jikinsa mai shaida wa na'urar inda ya kai, ita kuma ta gyara kuskure nan take. Ya fi tsada, ya kuma fi dacewa da aiki mai sauri da nauyi.

Sanin wannan fanni bai gagari yaranmu ba. A Mubi ta Jihar Adamawa akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, aka mai da ta Mubi a 1982, inda ake koyar da ilmin injiniya na lantarki. Tun da aka ƙago allon Arduino a Italiya a 2005 kuwa, ɗalibi na iya haɗa irin wannan na'ura da kuɗi kaɗan.

Ana jawo hankalin masu sana'a ga abu uku. A tsare na'urar daga ƙurar hunturu da zafin bazara. A sa mata abin daidaita wuta, domin hawa da saukar lantarki na ƙona ta. Kada kuma a zare wayar inji alhali wuta na kunne. Sakacin minti guda yana iya cinye jarin shekara.