Shekarar Jira: Wa Ke Cin Ribar Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje?

A watan Janairun 2011, cikin ƴan kwanaki ƙalilan, hukumar Peace Corps ta Amurka ta tattara matasanta 98 da ke zaune a garuruwa da ƙauyukan Nijar ta fice da su. Abin da ya jawo haka shi ne sace wasu samari biyu Faransawa a wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai ranar 7 ga watan, waɗanda aka rasa washegari a wajen iyakar Mali. Tun 1962 hukumar ke aiko da matasa, kuma sama da 3,000 ne suka zauna a ƙasar. Duk wanda ya manyanta a ƙasar Damagaram ya san su: anasara matashi ko budurwa a ɗakin ƙasa, da sunan Hausa da mutanen gari suka raɗa masa, yana kokawa da gaisuwa, yara na biye da shi suna dariya. Tun daga wannan fita ba su dawo ba.

Mutane da yawa a Matameye da Kance sun ga irin waɗannan baƙi ba tare da sanin me ya rabo su da gida ba. Wasu sun ɗauka mishan ne, wasu suka ce leƙen asiri. Galibinsu dai yara ne da suka gama wani matakin karatu ba su shiga na gaba ba. A Ingila al'ada ce ɗalibi ya gama sakandare ya ɗage shiga jami'a da shekara guda, ya yi aiki ya tara kuɗi, ya fita ya ga duniya, sau da yawa a inuwar wata ƙungiyar agaji. Yarima William ya yi haka a 2000, ya je Chile tare da ƙungiyar Raleigh International. Ƴar Obama, Malia, ta yi tata a 2016 kafin ta shiga Harvard. Ƴan Peace Corps sun ɗan fi girma, domin yawancinsu sun gama jami'a, kuma nasu wa'adin wata 27 ne: uku na koyon harshe da al'ada, sauran a garin da aka kai mutum.

Abin da ba kowa ya sani ba, tushen wannan al'ada yana da alaƙa da yankinmu. Alec Dickson, wanda ya kafa ƙungiyar aikin sa kai ta VSO da matarsa Mora a 1958, ya yi aikin horar da matasa a Man O' War Bay, a Kamaru ta Ingila, lokacin ana mulkinta tare da Najeriya. Waɗanda VSO ta fara aikawa yara ne sabbin fita daga sakandare. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, Faransa ta bi sahu da AFVP a 1963. Daga baya VSO da kanta ta sake shawara, ta koma neman ƙwararrun malamai da ma'aikatan lafiya masu shekaru a bakin aiki. Ta gane cewa kyakkyawar niyya ba ta koyar da lissafi, ba ta kuma karɓar haihuwa.

Wannan shi ne zancen da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Matashin da ya tafi wata ƙasa ya yi staj ko aikin sa kai, ɗan koyo ne. Kamar yaron da aka kai maƙera, zugar da yake yi tana taimakon maƙeri, amma babbar ribar tasa ce. Ya koma gida da harshe, da sanin jama'a, da layi mai nauyi a takardar neman aiki. A Amurka ma doka ta ba wanda ya kammala Peace Corps sauƙin shiga aikin gwamnati na tsawon shekara guda. Ba laifi ba ne. Laifin yana wajen juya labarin, a ce shi ya zo ceto, garin da ya ciyar da shi, ya yi jinyarsa lokacin masassara, ya koya masa yadda ake zama gaban mai gari, a sa shi a layin masu karɓar sadaka.

A dubi gonakin da ke tsakanin Takyeta da Matameye. Gawo ne tsaye ko'ina, wasu wuraren har kamar an dasa. Masu binciken da suka zagaya Magariya, Matameye da Mirriya a 2006 sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan ɗaya sun sake yin itace a wannan yanki, kuma manoma ne suka yi da hannunsu, ta hanyar barin tsiro da gyara shi maimakon sarewa. Sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya samu rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yau ɗalibai daga jami'o'in Turai suna karanta wannan a littattafansu. Baƙon da ya zo nan da niyyar koya wa mutane dashen itace, in yana da kunne, shi zai koma da darasi. Haka a Mirriya, inda ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da ALIMA suka gwada ba iyaye mata ƴar igiyar nan mai launi uku ta awon damtsen yaro. Aka tarar uwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba tana gane tamowa kusan daidai da ma'aikacin da aka horar: in igiya ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, sai likita. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Ba na cewa baƙi ba su yi komai ba. Akwai rijiyoyi da ajujuwa da abota ta gaskiya da suka bari, akwai kuma shida daga cikinsu, matasa ma'aikatan agaji Faransawa, da aka kashe a Kure ranar 9 ga Agustan 2020 tare da ƴan Nijar biyu, direbansu da jagoransu. Amma a san wane ne malami.

To, in ribar ta mai tafiya ce, me zai hana namu su tafi?

Shekarar hutu dai muna da ita, sai dai ba mu muka zaɓa ba. Yaro ya ci BAC a lisen Matameye, ya zauna watanni yana jiran a kira sunansa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta Abdou Moumouni a Yamai. Wani ya faɗi, sai baɗi. Wata ta gama lisans tana jiran a ɗauke ta bautar ƙasa. A tsallaken iyaka, yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 ya ci wata takwas. Ɗan Ingila yana tsara tasa shekarar tun yana sakandare. Namu a fada ake cinye ta, ana shayi ana duba waya, ko a kabu-kabu.

Fita waje ma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Daga Matameye, Ɗan Barto kusa take, ka tsallaka Kwangwalam sai Daura, sai Kano. Kakanninmu sun tafi gabas neman karatu, sun yi cirani a Kano da Kurmi, sun dawo da sana'a. Amma a zamanin nan sunan Kance ya fi fitowa a labaran duniya ta wata hanya mai ɗaci. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Garin da ya san wannan ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan bambancin tafiya mai takarda da tafiya ta bisa ƙaddara.

Ƙofofi masu takarda akwai su, ko da yake ƙanana ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da shirin masu aikin sa kai tun 1970, wanda a Nijar aka fi sani da VNU, hedikwatarsa a birnin Bonn na Jamus. Yana ɗaukar matasa daga shekara 18, wasu a cikin ƙasarsu, wasu a waje, yana biyan kuɗin zama, kuma rajista ta intanet ake yi, kyauta. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin a Abuja a Disamban 2010, inda ake tura matashi wata ƙasar Afirka da ba tasa ba na wata 12. Jamus, bayan ta shekara biyar tana tura yaranta waje a shirin weltwärts, ta buɗe hanyar dawowa a 2013, domin matasan Afirka da Asiya da Latin Amurka su ma su je su yi aiki a gidajen renon yara da na tsofaffi a can. Faransa na da irin wannan musaya, amma tun da dangantaka ta yi tsami aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, wannan hanya ta toshe. Najeriya kuwa tun 1987 take tura ƙwararrunta wasu ƙasashen Afirka da Karibiyan su yi shekara biyu, sai dai wannan na masu sana'a a hannu ne.

Duk wanda ya karanta sharuɗɗan waɗannan shirye-shirye zai ga abu guda yana maimaituwa: ina shaidar abin da ka yi a gida? Shirin Tarayyar Afirka, alal misali, bayan takardar karatu yana neman shaidar aikin sa kai da aka taɓa yi. A nan ne yaranmu da yawa ke faɗuwa, alhali sun yi aikin. Wanda ya bi gida-gida da damina yana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aikin sa kai ya yi. Haka wadda ta yi ɗigon foliyo, da wanda ya tsaya wa Kuros Ruj lokacin ambaliya, da wanda ya koyar da ƙannensa ƴan BEPC a hutu ba ko dala. Mu mutanen gayya ne da samariya, taimako a wurinmu ba abin rubutawa ba ne, neman takarda a kansa ma kamar rashin kunya ne. Amma mai tantancewa a Bonn ko Addis Ababa bai san gayya ba, hatimi ya sani. Don haka duk aikin da aka gama, a je wurin manjo na CSI ko shugaban ƙungiya a ce: ranka ya daɗe, a taimaka mini da takardar shaida, da kwanan wata da irin aikin da na yi. A cikin ƙasa kuma akwai hukumar ANVD mai kula da masu aikin sa kai, wadda takardarta ke da daraja.

Inda ƙofa ta yi ƙanƙanta, ƴan damfara ke kafa rumfa. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook da tambarin UNICEF, wai ana neman matasa ɗari zuwa Kanada, a turo jikka ashirin ta fom, daga baya jikka ɗari ta biza. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya riƙe, ko ya ce kada a gaya wa iyaye sai an isa, ba ma'aikacin agaji ba ne. Ga ƴan mata haɗarin ya ninka, domin da sunan staj ake kai wasu aikatau inda ba mai jin kukansu. Uba ko uwa na da haƙƙin su tambaya: mene ne sunan ƙungiyar, ina ofishinta a Damagaram ko Yamai da za a taka a gani, wa zai biya jirgi zuwa da dawowa, in ta yi rashin lafiya wa ke da alhaki, a gidan wa za ta kwana? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi, a rubuce ma take amsa su.

Su kansu Turawa ba su tsira ba, nasu salon ne daban. Akwai kamfanonin da ke karɓar dubban yuro a hannun yaro don ya je ya yi sati biyu yana ɗaukar hoto da marayu. Abin ya kai a wasu ƙasashe, irin su Kambodiya da Nepal, ana raba yara da iyayensu da ke raye a cika gidajen marayu saboda baƙi masu kuɗi, har Ostareliya ta sanya wannan cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Idan wata rana lamura suka daidaita baƙi suka dawo Matameye, abin tambaya shi ne: wannan aikin da aka ba shi, a ƙasarsu za a yarda ya yi? Yaron da bai karanta aikin likita ba, farar fata ba ta ba shi izinin riƙe allura.

Wata hanyar da ke kai ƴan jihar Damagaram aiki a ƙasashen waje ba ta da ƙyalli ko kaɗan. Tun yunwar 2005 ƙungiyar MSF ke aiki a asibitin Magariya, maƙwabciyarmu, inda sashen yara kan cika da ɗaruruwan marasa lafiya tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa. A irin wannan lokaci ake ƙara hannu: masu jinya, masu awo, masu rajista, masu tsabta, masu wayar da kai. Wanda ya jure ya ƙware, bayan shekaru yana iya neman a tura shi wata ƙasa, kuma ƴan Nijar da dama sun bi ta nan sun yi aiki a Kwango da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Ga kuma Katsina da Kano, inda ƙungiyoyin nan ke yaƙi da tamowar da muka riga muka sani, cikin harshen da muka sha a nono. Ɗan Matameye yana da Hausa, yana da Faransanci. Abin da ke tare shi a Kwangwalam, bayan takardu, Ingilishi ne, kuma wata goma na jiran jami'a sun isa mutum ya fara rubuta rahoton shafi ɗaya da shi.