Sidi 7,000 da kwamfutar wasa: abin da muka saya a Circle da abin da muka bari

Kwana uku bayan Babbar Sallah ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida a Nima, ya miƙo min waya. "Kawu, duba ka gani." Sidi 7,000 ne cif a asusunsa na momo, kuɗin ɗinkin sallah biyu da susun da ya yi shekara guda da rabi yana zubawa. Yana koyon tela a Maamobi, kuma ni na san daren da ya kwana a kan keken ɗinki kafin kuɗin nan su taru. Sai ya zaro takarda daga aljihu. Jerin kayan kwamfutar wasa ne da ya kwafo daga YouTube: akwati mai gilashi a gefe, fanka shida masu canza launi, na'urar sanyaya ta ruwa. Akwatin wuta, wato fawa-sufulai da ke raba wa kowane sashe lantarki, yana can ƙarshen takardar. A gefensa ya rubuta "ko wanne".

Wannan "ko wanne" ɗin ne ya sa na ce zan raka shi. Shekarun baya na haɗa tawa kwamfutar, na zuba kuɗi a katin hoto, na sayi akwatin wuta mafi araha da na tarar, marar suna. Wata rana da daddare aka yi dumsor, aka dawo da wuta da ƙarfi, na ji "fas", ɗaki ya cika da warin ƙonannen roba. Akwatin bai mutu shi kaɗai ba, ya tafi da uwar allon da katin hoton. Abin da na tsimin sidi kaɗan a kansa ya ci min kusan duk jarin. Ban so yaron nan ya sha irin wannan ba.

Kafin mu hau trotro na tambaye shi abu biyu: wane wasa zai buga, kuma a kan wane allo? Ya ce EA Sports FC, wanda har yau kowa a zango FIFA yake ce masa duk da an sauya sunan tun 2023, sai GTA V. Allon kuwa tsohuwar monita ce tawa mai 1080p da na yi alkawarin ba shi. To ai magana ta ƙare. Mutanen da yake kallo a YouTube suna haɗa kwamfuta ne don allon 4K, a ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba kuma ƙura ba ta shiga ɗaki. Na so in ce masa ya sayi PlayStation na hannu ya huta, amma ya ce yana son ya riƙa gyara bidiyon ɗinkinsa yana sa wa a TikTok. Wannan hujja ce, na karɓa.

Hanya ta farko da masu shago a Tip Toe Lane suka nuna mana ita ce tsohuwar kwamfutar ofis ta hom-yus, irin su Dell OptiPlex da ake kawowa kwantena-kwantena, a sa mata katin hoto a wuce wurin. Ba hanyar banza ba ce. Wanda kuɗinsa bai kai rabin namu ba, ita zan ce ya bi, ya nemi GTX 1650 irin wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban saboda wat 75 ɗin da uwar allo ke bayarwa ya ishe shi. Amma tana da tarko. Da yawa daga cikinsu akwatin siriri ne, babban kati ba ya shiga. Akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma bakin wayarsa na kamfanin ne kaɗai, ba za ka cire ka sa wani na kasuwa cikin sauƙi ba. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin masu arahar da muka gani ƙarni na 4 ne ko na 6. Muka yi godiya muka ƙara gaba.

Furosesa da uwar allo ba su ba mu wahala ba. Soket ɗin AM4 na AMD ya fito tun 2016, ya daɗe sosai a kasuwa, shi ya sa kayansa na hannu suka yi yawa. Muka ɗauki Ryzen 5 3600, na 2019, mai ƙwaya 6, da uwar allo B450. Yaron ya so Ryzen 5 5600, kuma gaskiya ya fi, amma bambancin kuɗin na da inda zai fi amfani. Allon zai iya ɗaukarsa nan gaba idan an sabunta BIOS. Abu ɗaya na yi kafin mu biya: na juya furosesan na haska shi da fitilar waya. A AM4 ƙananan allurai suna jikin furosesan ne, kuma guda ɗaya ta karye za ka iya komawa gida da ɗan ƙarfen ado.

Inda muka ɓata yini shi ne wajen katin hoto, don shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗin. Duk teburin da ka tsaya, RX 580 ne ake tura maka, "gig takwas, Alaji, kamar sabo". Katin ya fito a 2017 kuma ya yi suna na gaskiya. Dalilin yawansa da araharsa shi ne masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum sun saye shi da yawa, sun kunna dare da rana shekara da shekaru. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, sai aka zubo su kasuwannin duniya, wasu aka wanke su aka sa musu sabuwar fanka da sabon kwali. Katin da ya yi haƙa ba lallai ne ya zama matacce ba, amma ba za ka gane lafiyarsa da ido ba.

Akwai kuma wata dabara. Wani nau'i da ake kira RX 580 2048SP an yi shi ne don kasuwar Chaina, kuma a ƙarfi ya fi kusa da RX 570. Cikakken RX 580 yana da 2304 a wurin da shi yake da 2048. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana nuna wannan lambar nan take. Na zo da ita a filas tare da FurMark, wadda ke matsa wa kati lamba har ya nuna halinsa. A shago na farko na ce a sa katin a kwamfuta mu gwada minti ashirin. Mai shagon ya ce ba shi da lokaci, in ban yarda da shi ba in tafi. Na ce to, Allah ya ba da kasuwa. Yaron ya bi ni yana waige, ransa a ɓace, don farashin ya yi masa daɗi. A shago na biyu aka yarda. Minti bakwai da farawa sai ɗigo-ɗigo kore suka fara yawo a allo, daga nan hoton ya ɗauke. Mai shagon ma bai yi gardama ba, ya zare katin ya jefa a kwali. Daga nan ɗan yayata bai ƙara waige ba.

A ƙarshe RX 6600 na hannu muka saya wurin wani ɗan zango da ya bar mu muka gwada har rabin awa, ya kuma rubuta mana a rasit cewa in ya ba da matsala cikin sati biyu mu dawo da shi. Ya fi RX 580 tsada nesa ba kusa ba. Amma na 2021 ne, shi ma gig 8, ya fi shi ƙarfi sosai, kuma yana jan wat 132 ne inda wancan ke jan 185. Mai mitar kati ya san abin da wannan ke nufi a ƙarshen wata, kuma ƙarancin wuta yana nufin ƙarancin zafi a ɗakin da rufinsa kwano ne.

Sai muka zo kan akwatin wuta, a nan ne muka yi faɗa. Abin da ya rage a hannunsa zai iya sayen akwatin gilashin nan mai fitilu da fawa-sufulai na banza, ko kuma fawa-sufulai na kirki da akwati baƙi wanda ba wanda zai ɗauka hoto. "Haba Kawu, wa ke ganin fawa-sufulai? Ga wannan an rubuta wat 800, kuma rabin kuɗin wancan ne." Na ce ya ɗaga su biyun. Mai 800 ɗin kamar gwangwanin madara, mai 550 kuwa sai da ya sa hannu biyu. Nauyi ba hujja ba ce cikakkiya, amma alama ce. Na nuna masa takardar da ke gefe: abin dubawa shi ne layin 12V, don daga nan furosesa da katin hoto suke sha. A kan na kirkin kusan duk wat 550 ɗin a wannan layin suke. A kan ɗayan lissafin ma bai haɗu ba. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwatin ya ja tana zama aiki, saura zafi, amma sitika abu ne da kowa zai iya bugawa. Muka nemi lambar samfurin a intanet muka ga waɗanda suka buɗe shi suka gwada. Shi kaɗai ne, tare da SSD, na dage sai sabo a kwali da garanti.

Bai yi min magana ba har muka gama sayen RAM. Guda biyu masu gig 8 muka ɗauka maimakon guda ɗaya mai 16, saboda Ryzen ya fi gudu idan layi biyu suna aiki tare, kuma DDR4 ne, DDR5 ba ya shiga wannan allon ko an danna. SSD mai gig 500 ya isa farawa, ko da yake GTA V kaɗai zai cinye kusan gig 100. Akwatin kuwa baƙi ne mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Duk wanda ya ga abin da hunturu ke yi wa fankar silin daga Disamba zuwa Fabrairu ya san dalili. Da canjin da ya rage muka sayi na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji, mai jinkirta wuta 'yan mintoci bayan an dawo da ita. UPS sai wani ɗinkin sallar.

Ranar Asabar muka baje kayan a kan teburin yankan yadi. Shi ya ɗaura komai da hannunsa, ni bakina kawai na sa. Ya danna maɓalli, fankoki suka juya, allo baƙi ƙirin. Na ga gumi ya keto masa. Shekara guda da rabi ce fa a kan teburin nan. Na leƙa baya, sai na ga ya sa wayar HDMI a jikin uwar allo. Ryzen 5 3600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, dole wayar ta shiga katin. Ya sauko da ita ƙasa kaɗan, rubutu ya bayyana, ya yi wani ihu da ya sa yayata ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Yanzu wata huɗu ke nan. Kwamfutar tana kan benci, ba a ƙasa ba, kuma duk ƙarshen wata yana zare matatar ya wanke. An ɗauke wuta yana tsakiyar wasa ya fi sau goma, ba abin da ya ƙone. Makon jiya na shiga ɗakin na tarar ya manna wata igiyar fitila mai launin shuɗi a cikin akwatin, ta sidi ashirin, tana haskowa ta ragar gaba. Ya ce abokinsa ma ya fara susu, kuma ya ce in zan samu lokaci ranar wata Asabar in zo da filas ɗin nan.