Gwadar: Gundumar masunta mai babbar tashar jiragen ruwa da ƙarancin ruwan sha

Gwadar gunduma ce a lardin Balochistan da ke kudu maso yammacin Pakistan. Ta miƙe a gaɓar Tekun Larabawa na tsawon kusan kilomita 600, ta yi iyaka da Iran ta yamma, da gundumomin Kech da Awaran ta arewa. Faɗinta murabba'in kilomita 12,637 ne, amma yawancin ƙasar hamada ce da duwatsu, shi ya sa jama'a suka taru a bakin teku.

Garin Gwadar, hedikwatar gundumar, bai shiga Pakistan ba lokacin da ƙasar ta samu 'yanci a 1947. Tun a 1783 Sarkin Kalat, Mir Nasir Khan, ya ba wani ɗan sarautar Oman mai suna Sultan bin Ahmad garin domin ya samu mafaka, bayan rikicin sarauta ya raba shi da gida. Da Sultan ya hau karagar Maskat a 1792, sai ya ci gaba da riƙe garin, yana naɗa masa wakili daga ƙetaren teku. Abin da aka bayar tamkar aro bai dawo ba sai bayan shekaru 175, lokacin da gwamnatin Firaminista Feroz Khan Noon ta saye shi daga Oman a watan Satumba na 1958. Har yau zumuncin bai yanke ba, domin iyalai da dama na da 'yan uwa a Oman.

An mayar da Gwadar gunduma mai zaman kanta a ranar 1 ga Yuli, 1977, lokacin da aka raba yankin Makran gida uku. Mataimakin kwamishina ne ke jagorantar mulkinta a madadin gwamnatin lardi da ke Quetta, kuma an kasa ta zuwa ƙananan yankuna da ake kira tehsil, waɗanda suka haɗa da Gwadar da Pasni da Ormara da Jiwani.

Ƙidayar 1998 ta nuna mutum 185,498 ne ke zaune a gundumar. A 2017 sun haura 260,000, a ƙidayar 2023 kuma sun ɗan wuce 300,000. Kusan dukansu harshen Balochi suke yi, kuma Musulmi ne. Kamun kifi ne sana'ar da ta riƙe yawancin gidaje tun kaka da kakanni.

Wannan ƙaramin adadi shi ne tushen fargabar mutanen wurin. An fara gina tashar jiragen ruwa mai zurfi a 2002 da taimakon ƙasar Sin, aka buɗe ta a 2007, sannan a 2013 aka miƙa tafiyar da ita ga wani kamfanin gwamnatin Sin. Daga 2015 ta zama jigo a shirin hanyar kasuwanci tsakanin Sin da Pakistan, wato CPEC. 'Yan siyasar Baloch sun daɗe suna gargaɗin cewa idan garin ya bunƙasa yadda aka tsara, baƙi daga wasu lardunan za su rinjayi 'yan ƙasa, har ƙuri'a da filaye su suɓuce musu.

Kukan talakawa ya fi wannan kusa da tukunya. Madatsar Akra Kaur da garin ya dogara da ita takan ƙafe idan fari ya tsananta, sai a koma jiran motocin dakon ruwa. Wutar lantarki kuwa daga Iran ake sayo kaso mai yawa. Masunta suna kokawa cewa manyan jiragen kamun kifi na shigowa ruwansu ba bisa ƙa'ida ba, suna kwashe kifin da ƙananan kwale-kwale ke nema.

A watan Nuwamba na 2021 dubban mutane, har da mata masu yawa, suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a ƙarƙashin gangamin Haq Do, ma'ana “a ba da haƙƙi”, wanda Maulana Hidayat-ur-Rehman ya jagoranta. Sun nemi ruwa da wuta, da korar jiragen, da rage shingayen binciken jami'an tsaro. Hukumomi na kare shingayen da hujjar hare-haren 'yan aware, irin wanda ƙungiyar BLA ta kai otel ɗin Pearl Continental a watan Mayu na 2019.

A zaɓen Fabrairu na 2024, masu ƙuri'a a Gwadar sun tura jagoran zanga-zangar majalisar dokokin lardi. A watan Oktoba na shekarar aka ƙaddamar da sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da Sin ta ɗauki nauyin gina wa garin.