Tsohuwar Zuma a Ƙasar Haɗejiya

Akwai gidaje a ƙasar Haɗejiya da ba a sanin ajiyarsu sai ciwo ya shigo. Ranar ce tsohuwa za ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo tandu, ko kwalbar da aka toshe bakinta da tsumma, ta ɗebo zumar da ta yi shekaru har ta yi duhu, ta yi kauri. Wannan ba ta zubawa a fura ba ce. Ta mai tari ce, da wanda wuta ta ƙona, da mai jego, da rubutun da malam ya ce a sha da zuma. Kowa ya tashi ya ji ana cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Mutanen Cognac a Faransa suna tinƙaho da barasar da ta yi shekara 10 a gangar katako kafin a buga mata tambarin XO. Tasu haramun ce a wurinmu. Zumarmu kuwa an ambaci warakarta a Suratun Nahli, kuma mai ita ba ya son a taya; maƙwabci ya zo da ɗan kofi, a zuba masa, ya yi addu'a ya tafi.

A kan tsamiya da kuka da giyayyar bakin fadama ake ɗaura amya, irin ta wajen Baturiya da Guri, a bari sai bazara, a hau da dare da hayaƙi. Farar saƙa ita ce ta alkaki da nakiyar gara. Dattawa har yau ba su daidaita ba: wasu sun ce daɗewa ce ke ƙara wa tsohuwar zuma ƙarfi, wasu sun ce furen da ƙudan zuma ya sha ne, tsufa suna ne kawai. Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma ba na faɗa a gaban tsofaffi.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo a 1992, ambaliya ta sauya, kachala ta cinye hanyoyin ruwa, gatari ya rage itatuwa, feshin gonakin shinkafa kuma yana kashe ƙudan. Yanzu a kasuwa wasu sukari suke dafawa ya yi baƙi su ce tsohuwa ce, shi ya sa mai saye ke ɗiga ta a ruwa ya ga ko za ta nutse ba ta watse ba.