Iska da Yanayi a Aikin Rini

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, zane yakan fito daga karofi kore-kore, sai bayan 'yan mintoci ya rikiɗe ya koma shuɗi. Dalili kuwa shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya kama zare. Sai an jiƙa baba da toka, ƙwayoyin bakteriya sun tsima shi, sannan ya narke ya ratsa zaren. Da zarar an ɗaga zanen, iskar oksijin takan mayar da shi shuɗi ya maƙale. Su ƙwayoyin nan ɗumi suke so. Shi ya sa karofin da kan nuna da wuri a bazara yakan yi nawa da hunturu, dole marini ya ƙara kwanakin jira.