Tsohon Tubali A Sabon Gini: A Cire Ko A Bari?

Babu magini da ke ƙera duk kayan gininsa da hannunsa. Azara daga wani wuri take zuwa, ƙusa daga maƙera, shi kuwa aikinsa harhaɗawa. Haka abin yake ga masu rubuta manhajar kwamfuta. Kowace manhaja tana jingina da wasu ƙananan manhajoji da wasu mutane dabam suka rubuta, waɗanda za a iya kira madogarai. Matsala takan taso ne idan masu madogarin suka daina kula da shi, alhali ginin da aka ɗora a kansa yana nan tsaye, mutane suna amfani da shi.

Labarin GIMP ya isa misali. Wannan manhaja ce ta gyaran hotuna wadda ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara rubutawa a 1995 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka. Rubutunta a buɗe yake, wato kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kuma raba kyauta. Domin zana tagogi da maɓallan da ake gani a fuskar kwamfuta, sai aka ƙirƙiro mata wani madogari mai suna GTK, wanda daga baya wasu manhajoji da yawa suka ara. GTK 2 ya fito a 2002, GTK 3 a 2011. Da GTK 4 ya bayyana a Disambar 2020, sai masu shi suka ba da sanarwar cewa sun sallami GTK 2. Kafin nan, a ranar 1 ga Janairun 2020, an daina kula da harshen Python 2. Sai ga shi GIMP 2.10, wadda ita ce a hannun jama'a a lokacin, ta dogara da su duka biyun.

Masu cewa a cire tsohon madogari suna da hujja mai ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan aka gano wata ɓaraka a cikinsa, babu mai alhakin toshe ta, ɓarayin bayanai kuwa ba sa barci. Bugu da ƙari, tsohon madogari bai san sababbin na'urori ba, misali fuskar kwamfuta mai tsananin kaifin hoto. Kuma yawancin masu wannan aiki 'yan sa kai ne, lokacin da suka ɓata wajen lallaɓa tsoho, sabon aiki aka tauye.

Masu cewa a bari su ma ba su rasa ta cewa ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Abin da aka daɗe ana amfani da shi an san halinsa. Sauya madogari kuma ba ƙaramin aiki ba ne, yakan karya abin da ke tafiya lafiya. Da rukunin Debian ya kawar da Python 2 daga tarin manhajojinsa, wanda ya kammala a fitowar 2023, ƙananan shirye-shiryen da masu gyaran hoto suka rubuta wa GIMP da wannan harshe sun rasa wurin tsayawa. Mai sana'ar da abincinsa ya rataya a kansu, shi ya ji a jikinsa.

Akwai hanya ta uku, wato a ƙunshe manhaja tare da madogaranta a ƙunshi guda, kamar yadda tsarin Flatpak ke yi. Wannan yana ba da lokaci, amma bai toshe ɓaraka ba.

Masu GIMP sun zaɓi sauyawa a tsanake, suna ci gaba da gyara 2.10 har GIMP 3.0 ta fito a Maris na 2025 bisa GTK 3 da Python 3, shekara 14 bayan fitowar GTK 3. Saboda haka kafin a yanke hukunci, tambayoyi uku ake dubawa: ko akwai mai toshe ɓarakar madogarin, ko manhajar tana buɗe fayilolin da suka fito daga waje, sannan su wa za su cutu idan aka cire shi, kuma wace mafita aka tanadar musu.