Labarin Dusar Ƙanƙara a Birnin Tarabzun

Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, yau ga labarin wani tsohon birni na bakin teku, da yadda mutanensa suke murna da abin da mu ba mu san shi ba sai a littafi, watau dusar ƙanƙara, wadda Larabawa suke kira salju. Sunan birnin Tarabzun, yana ƙasar Turkiyya, a gaɓar Bahar Aswad ta kudu, gabas da Santambul da nisa. Teku na gabansa, manyan duwatsu na bayansa, shi kuwa gari ya maƙale tsakani, gida bisa gida kamar matakala.

Kada a zaci ita ce ƙanƙarar nan da takan faɗo mana da damina ta kece ganyen dawa. Wannan ba ta jifa, ba ta ƙara, saukowa take sannu sannu kamar audugar rimi in iska ta kwaso ta. Dalilinta kuwa, iska mai tsananin sanyi takan taso daga wajen ƙasar Rasha ta ƙetare teku. Da yake ruwan ya fi ta ɗumi, sai ta kwashi tururinsa, in ta ci karo da duwatsu ta hau sama, tururin ya daskare ya zubo fari fat. Hunturunmu hamada yake ƙetarowa, don haka ƙura yake kawo mana. Nasu ruwa ya ƙetaro. In ta narke, masu fiƙihu sun san hukuncinta, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa.

To, tekun nan da ya ba da ita, shi ne kuma ba ya barinta ta daɗe. Ɗuminsa yakan narkar da ita cikin kwana biyu ko uku, wata shekara ma da ƙyar take kwanciya a bakin gaɓa. Saboda haka baƙuwa ce, tarbar baƙo kuwa ake yi mata. In ta yi yawa Gwamna yakan ba makarantu hutu, yara su fito da farantan gida, su zauna a kai su sulalo daga gangaren unguwa, suna jifar juna da curinta. Manya sukan hau wani tudu da ake kira Boztefe, su sa a kawo musu shayi mai zafi, wanda ake nomawa gabas da su wajen Rize, su zauna suna kallon gari. Jajayen rufin gidaje sun koma fari, haka tsohuwar ganuwa, haka ƙubbar masallacin Gulbahar Hatun da Sarki Salim ya sa aka gina a 1514 don tunawa da mahaifiyarsa. Teku kaɗai ke nan da duhunsa, bai daskare ba.

Lokacin ne kuma kakar wani ɗan kifi mai tsawon yatsa, sunansa hamsi. Mutanen ƙasar sukan ce ba ya daɗi sai ruwan ƙanƙara ya shiga kunnensa. A birkiɗa shi cikin garin masara a soya, a haɗa da wani abinci nasu mai kama da tuwon masara, wanda ake tuƙawa da man shanu da cuku. Wanda ya ga tururinsa a irin ranar nan ba ya tambayar nama.

Amma fa murnar nan ta mutanen gaɓa ce. Ku fatake, ku saurari ta kan dutse. Tarabzun garin ciniki ne tun zamanin Rumawa. Sarki Muhammadu Alfatihi ya ci shi a 1461, watau 865 ta Hijira, a nan kuma aka haifi Sarki Sulaimanu a 1494. Daga wajen 1830 jiragen ruwa na Turai suka riƙa sauke yadi da sukari a tasharsa, a ɗora wa raƙuma da alfadarai, a bi ta Arzarum zuwa Tabriz ta ƙasar Farisa, a komo da siliki da dardumai da taba. Hanyar kuwa dole ta hau mashigin Zigana, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 2,000 bisa teku. Can dusar ba baƙuwa ba ce, mai gida ce. Takan shafe turba har madugu ya rasa inda zai sa gaba, ta tsare ayari a zango kwana da kwanaki, dabbobi na cin harawa, mai kaya na cin uwar kuɗi. Wani lokaci ta ɓalle daga gefen dutse ta binne mutum da dabbarsa. Ran da yaran gari ke wasa da farantai, attajiri yana kantinsa yana lissafin kayan da ba su iso ba.

Cinikin ayarin ya ja baya tun da aka buɗe mashigin ruwa na Suwes a 1869, Rasha kuma ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta yankin Kaukasus, kaya suka sake hanya. A 2023 aka buɗe sabuwar hanyar mota da aka huda ta cikin dutsen Zigana, tsawonta ya haura kilomita 14, manyan motoci suna wucewa ta ƙasa, dusa na zuba a bisa. Ƙauyukan kan dutse dai, in ta sauka da ƙarfi, sukan zauna a rufe sai motar da ke ture ta ta iso.